Saitunan manhajar maƙunsar bayanai

Saitunan manhajar maƙunsar bayanai su ne zaɓuɓɓukan da ke tantance yadda manhajoji irin su Microsoft Excel, Google Sheets da LibreOffice Calc suke karɓar abin da aka rubuta, su yi lissafi da shi, su nuna shi, su kuma adana shi. Maƙunsar bayanai falle ne mai layuka da ginshiƙai, kuma mahaɗar kowane layi da ginshiƙi ana kiranta gurbi ko tantani. Kowace manhaja tana zuwa da saitunan asali da kamfanin da ya ƙirƙire ta ya zaɓa. Wasu daga cikinsu sauƙin aiki kawai suka shafa, wasu kuwa suna iya canza bayanan da kansu ba tare da mai aikin ya lura ba. Wannan ne ya sa ake ɗaukar duba saituna a matsayin matakin farko kafin a fara shigar da bayanai masu yawa.

Tarihi

Manhajar farko da ta yi fice a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a shekarar 1979 don kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983. Kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985 don Macintosh, sannan a 1987 don Windows. Google Sheets, wadda ke aiki ta intanet, ta fito a 2006.

Wasu saitunan da ake gani a yau gado ne daga wancan zamani. Lotus 1-2-3 ta ɗauki shekarar 1900 a matsayin mai kwana 366, alhali ba haka take ba. Excel ta riƙe wannan kuskure da gangan domin fayilolin manhajojin biyu su dace da juna, shi ya sa har yanzu tana amincewa da ranar 29 ga Fabrairu 1900, ranar da babu ita a kalanda.

Inda ake samun saituna

A Excel ta Windows ana shiga File sannan Options. A LibreOffice Calc ana shiga Tools sannan Options. A Google Sheets ana shiga File sannan Settings. Saituna iri uku ne dangane da inda suke zaune: akwai waɗanda ke cikin manhajar kuma suke shafar duk fayil ɗin da aka buɗe, akwai waɗanda ke tafiya tare da fayil guda duk inda aka tura shi, akwai kuma waɗanda manhajar ke ara daga babbar manhajar kwamfutar, kamar tsarin kwanan wata. Saboda wannan rabe-rabe, fayil ɗaya yakan iya bayyana daban a kwamfutoci biyu.

Saitin yanki

Saitin yanki shi ke faɗa wa manhaja al'adar rubuta lambobi da kwanan wata a wata ƙasa. A Amurka ana fara rubuta wata kafin rana, a Najeriya da Nijar kuwa rana ce ke zuwa farko. Idan aka rubuta 03/04/2024 a kwamfutar da ke kan saitin Amurka, za ta ɗauke shi 4 ga Maris, yayin da marubucin yake nufin 3 ga Afrilu. Manhajar ba ta yin gargaɗi, domin duka biyun ranaku ne ingantattu.

Haka ma alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. A Najeriya ɗigo ake sawa, kamar 12.5, a Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci kuwa waƙafi ake sawa, kamar 12,5. A inda waƙafi ke wannan aiki, ana raba sassan dabarar lissafi da ginshiƙan fayil ɗin CSV da waƙafi mai ɗigo. Don haka fayil ɗin CSV da aka shirya a Kano zai iya buɗewa a Maraɗi duk bayanansa sun cunkushe a ginshiƙi ɗaya. A Excel ta Faransanci sunayen ayyukan lissafi ma suna canzawa, misali SUM ya koma SOMME. Excel tana bin saitin yankin kwamfuta, amma Google Sheets tana barin a zaɓa wa kowane fayil yankinsa da agogonsa.

Excel tana da hanya biyu na ƙidayar kwanaki, ɗaya daga 1900, ɗaya daga 1904, wadda tsofaffin nau'o'inta na Macintosh suka yi amfani da ita. Tazarar da ke tsakaninsu kwana 1,462 ce, wato shekara huɗu da kwana ɗaya. Kwafar kwanan wata tsakanin fayiloli biyu masu tsari daban na iya gusar da shi da wannan adadi.

Sauya bayanai kai tsaye

Manhajojin suna ƙoƙarin gane irin abin da aka rubuta, su mayar da shi lamba ko kwanan wata. Wannan yana rage wahala, amma yana ɓata bayanan da suka yi kama da lamba alhali shaida ce kawai. Lambar waya da ta fara da 080 takan rasa sifilin farko, haka ma lambar asusun banki mai alƙaluma 10 idan ta fara da sifili. Excel tana riƙe alƙaluma 15 ne kacal na kowace lamba, don haka lambar katin banki mai alƙaluma 16 za ta rasa na ƙarshe, ya koma sifili. Maganin shi ne a mayar da ginshiƙin na rubutu kafin a shigar da komai.

Matsalar ta fi fitowa fili a binciken ƙwayoyin gado. Sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 sukan koma 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani nazari da mujallar Genome Biology ta buga a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da ke ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wasu sunayen, MARCH1 ya zama MARCHF1, SEPT1 ya zama SEPTIN1. A 2023 Microsoft ya ƙara saitin da ke ba mutum damar kashe wannan sauyi na kai tsaye.

Akwai kuma saitin da ke ƙarasa kalma bisa abin da aka riga aka rubuta a ginshiƙi. Idan akwai "Musa Garba" a sama, aka rubuta "Musa" kawai aka danna Enter, manhajar na iya cike sauran sunan. A rajistar ɗalibai ko ta ma'aikata ana iya kashe shi don gudun haɗa mutum biyu a suna ɗaya.

Saitunan lissafi

A saitin asali, manhaja tana sake lissafi duk lokacin da aka canza wani gurbi. A manyan fayiloli wannan kan jawo nauyi, sai a koma lissafin hannu, inda Excel ba ta sabunta sakamako sai an danna F9. Haɗarinsa shi ne mutum ya manta, ya buga ko ya tura tsohon sakamako. Excel tana ɗaukar yanayin lissafi daga fayil na farko da aka buɗe, ta ɗora wa waɗanda aka buɗe bayansa.

Idan dabara ta dogara da gurbin da take ciki, manhajar takan yi gargaɗi. Wanda ke buƙatar haka da gangan yana iya kunna lissafi mai maimaituwa, wanda a Excel yake tsayawa bayan zagaye 100 ko kuma idan canjin ya gaza 0.001. Wani saitin yana tilasta wa lambobi su zama daidai yadda ake ganinsu a allo. Idan aka kunna shi, 12.346 da ake nunawa 12.35 zai koma 12.35 har abada, ba a iya dawo da asalinsa.

Adanawa da tsarin fayil

Excel tana ajiye kwafin ceto duk minti 10, kuma ana iya rage wannan lokaci, abin da ke da amfani a wuraren da ake yawan ɗauke wuta. Kwafin ceto ba ya maye gurbin adana fayil da hannu.

Tsohon tsarin XLS yana ɗaukar layuka 65,536 da ginshiƙai 256. Tsarin XLSX, wanda ya zo da Excel 2007, yana ɗaukar layuka 1,048,576 da ginshiƙai 16,384. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar suna ɗauke da COVID-19 tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙididdigar kullum ba. An danganta hakan da amfani da tsohon tsarin, wanda ya cika ya watsar da layukan da suka wuce iyakarsa, kuma ya jinkirta neman waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar.

Saitunan tsaro sun shafi ƙananan umarnonin da ake kira makuro, waɗanda masu kutse kan ɓoye cutarwa a ciki. Daga 2022 Microsoft ya fara toshe su kai tsaye a fayilolin da aka sauko da su daga intanet.

Sauƙaƙa aikin yau da kullum

Ana iya ɗora umarnonin da aka fi amfani da su a kan ɗan sandar gaggawa da ke saman Excel, sannan a kira su da maɓallin Alt haɗe da lamba. Ana iya zaɓar inda alama za ta matsa bayan an danna Enter, ƙasa ko gefe, gwargwadon yadda ake shigar da bayanai. Ana kuma iya canza irin haruffa da girmansu da yawan fallen da sabon fayil zai zo da su. Mai yin aiki iri ɗaya kullum, kamar lissafin albashi ko sakamakon jarrabawa, yakan adana samfuri mai kanun ginshiƙai da alamar kuɗi irin ₦, ya riƙa farawa daga kansa.

Rubutun Hausa

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna cikin tsarin Unicode, amma sukan lalace idan aka adana fayil ɗin CSV a tsarin da ba UTF-8 ba. Wanda allon rubutunsa ba shi da su zai iya koya wa saitin gyara kai tsaye wata gajeriyar alama da zai riƙa musanyawa da kalma mai ƙugiya.

Excel tana ɗaukar alamar ' a farkon gurbi a matsayin umarnin cewa abin da ya biyo baya rubutu ne, sai ta ɓoye ta. Saboda haka kalmomi irin su 'ya'ya da 'yan, a ƙa'idar rubutun Najeriya, sukan bayyana babu alamar farko, sai an rubuta ta sau biyu. Ƙa'idar Nijar, mai amfani da ƴ, ba ta gamuwa da wannan.

Ana iya ƙirƙirar jerin kai na ranakun mako daga Litinin zuwa Lahadi, ko na watannin Musulunci daga Muharram zuwa Zulhijja, ta yadda rubuta na farko da jan gurbin zai cike sauran, kuma a iya jera bayanai bisa wannan tsari maimakon bin haruffa. Don rubutun Ajami, akwai saitin da ke juya falle ya fara daga dama zuwa hagu.