Daga Katsina zuwa Zariya: Tarihin Kwalejin Barewa

A shekarar 1921 aka ɗauki ɗaliban farko a Kwalejin Katsina, sannan a 1922 Gwamna Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta. Abin da Turawan mulki suke nema a lokacin malamai ne. Tun bayan da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya kafa makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, makarantun boko suka fara yaɗuwa a lardunan Arewa, amma babu isassun 'yan ƙasa da za su tsaya gaban allo. Sai aka zaɓi Katsina, garin da ya yi suna da karatu tun zamanin Gobarau, kuma Sarki Muhammadu Dikko ya karɓi abin hannu biyu-biyu.

Ginin ƙasa ne, yana nan har yau ana adana shi a matsayin kayan tarihi. Duk wanda ya shiga ɗakunan nan ya duba ƙanƙantarsu, da wuya bai yi mamakin mutanen da suka fito daga cikinsu ba. Kowane lardi yakan tsamo 'yan yara ƙalilan da suka fi hazaƙa ya aiko, su shekara biyar suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ga Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. An tsananta wajen furta Turanci daidai, kuma daga nan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samo lafazin da ya sa duniya take kasa kunne in ya yi magana.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya a wannan tarihi shi ne inda ɗaliban suka dosa bayan kammalawa. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya kama alli a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, gasar da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara su ma suka fito daga cikinta. A wancan zamani yaron da ya fi kowa kai shi ake mayarwa malamin makaranta, gari kuma yana girmama shi. Ni a ganina asirin kwalejin ke nan, ya ma fi kayan aiki da gine-gine. Yau kuwa iyaye da yawa sai ɗansu ya rasa sauran ƙofofi suke yarda ya shiga koyarwa, alhali muna ta kukan lalacewar karatu.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, sunanta ya koma Kwalejin Kaduna. A nan Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu, su ma duka biyun koyarwa suka fara yi kafin siyasa. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda ta zauna daram, ta zama sakandare sosai. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed sun ratsa ta a nan, haka Umaru Musa 'Yar'aduwa daga baya. Sunan Barewa sai a 1971 aka raɗa mata.

Da alfaharin nan duka, akwai ciwon da ba na iya ɓoyewa. Ƙofar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Shekaru masu yawa makaranta ɗaya tilo ce mai wannan matsayi a yankin da ya ɗauki fiye da rabin ƙasar Nijeriya, maza zalla, 'yan mata ko oho. Turawa sun ji tsoron boko ya yi yawa ya girgiza mulkin da suke yi ta hannun sarakuna, saboda haka suka riƙa ba da shi da cokali. Da 'yancin kai ya ƙarato, sai ga Arewa da shugabanni gwanaye amma ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da akawuna, dole gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta shiga buɗe makarantu cikin gaggawa, har ta kai ga kafa jami'a a Zariyar nan a 1962.