Annobar 1348 da Tashin Ƙananan Masu Sana'a a Ingila

Cikin shekara ta 1348 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta sauka Ingila ta jirgin ruwa, a gaɓar Dorset. Kafin ta lafa ta ɗauke aƙalla sulusin mutanen ƙasar, waɗansu masana ma suna cewa wajen rabi. Gonaki suka rasa masu noma, 'yan ƙodago suka yi wuya, ladan aiki kuwa ya hau.

Manyan masu ƙasa ba su ji daɗin wannan ba. A 1349 Sarki Edward na Uku ya ba da umurni, Majalisa kuma ta ƙarfafa shi da doka a 1351, cewa kada kowa ya karɓi lada fiye da yadda aka saba kafin annoba. Aka yi ta cin mutane tara, amma a banza, gama mai gonar da hatsinsa ke zuba yakan ƙara wa ma'aikaci a ɓoye.

To, da kuɗi suka shiga hannun talaka, sai ya so nama da burodin alkama da tufafi masu kyau. Daga nan kasuwa ta buɗe wa ƙananan masu sana'a. Gidajen sayar da giya suka yawaita, mahauta da majema suka sami ciniki, har a 1363 aka yi dokar hana talaka sa suturar manya. Masu ƙasa da yawa suka gaji da neman ma'aikata, suka ba da gonakinsu haya. Abin lura ga mai nazarin harshe, kalmar da Ingilishi ke kiran manomi da ita yau asalinta mai karɓar haya ne bisa kuɗi yankakke.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne saƙa. Da can Ingila ulu take sayar wa masaƙan Filandas ɗanye, amma harajin da Sarki ya ɗora wa ulun domin yaƙi da Faransa ya sa saƙa shi a gida ta fi riba. Kafin ƙarshen ƙarnin, yadin da ake fitarwa ya ninka sau da yawa. Kuskure ne dai a ba annoba kaɗai wannan lada. Ita ta rage hannuwa, haraji ne ya nuna musu inda riba take. 'Yan kasuwar ƙauye suka riƙa raba ulu gida-gida, mata na kaɗi, maza na saƙa. Da irin wannan Lavenham, ƙaramin gari a Suffolk, ya shiga sahun garuruwan Ingila mafiya arziki a kuɗin harajin 1524.