Cikin Fari da Zazzaɓin Gaɓar Kogi

A ƙasar Yauri, kamar sauran ƙasar Hausa, akan mayar da mai cikin fari gidan iyayenta goyon ciki. Ba ita ke da surukai masu wahalar sha'ani ita kaɗai ba. Tsofaffi sun daɗe da lura cewa haihuwar fari ta fi haɗari. Wani sashe na wannan haɗari yana cikin mabiyiya, kuma sai da likitoci suka shafe kusan shekara 70 kafin su gano yadda yake aukuwa.

Tun farko akwai abin mamaki a ciki kansa. Rabin gadon ɗan tayi na uba ne, wato baƙo ne a jikin uwa, ga shi kuma aikin garkuwar jiki shi ne korar baƙo. Peter Medawar na Ingila ya aza wannan tambaya a 1953, an kuma daɗe ana zaton garkuwar mace barci take yi har ta sauka. Yanzu an san ba haka ba ne. A farkon ciki, kusan kashi 70 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jinin da ke bangon mahaifa wani jinsi ne da aka sani da kisa a sauran sassan jiki, amma a nan su ke taimakawa a faɗaɗa hanyoyin jinin da za su ciyar da ɗan. Idan naƙuda ta zo, wasu fararen ƙwayoyin ne ke tururuwa zuwa bakin mahaifa, su taimaka ya yi laushi ya buɗe.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta samu kafa a wannan tsari. Yarinyar da ta tashi a Yelwa ko Wara ko Shanga, sauro ya cije ta sau ba adadi, kafin ta isa aure jikinta ya saba da cutar. Da ciki ya shiga sai sabon fili ya buɗe. A 1925 Blacklock da Gordon suka duba mabiyiyar mata a Saliyo, suka tarar da ita cunkushe da ƙwayar cutar, ko da ba a gan ta sosai a jinin yatsa ba. Dalilin ya fito a 1996, lokacin da Michal Fried da Patrick Duffy suka nuna a Kenya cewa jajayen ƙwayoyin jinin da suka kamu suna manne wa wani sinadari a fuskar mabiyiya, don haka ba sa bi ta saifa balle ta tace su. Mai cikin fari ba ta taɓa karo da wannan salo ba, ba ta da makaminsa. Mai ciki na uku ko na huɗu ta riga ta ƙera shi. Abin takaici, ƙwayoyin garkuwar uwa da ke taruwa don yaƙi su ma suna kumbura wurin, abinci ya ragu wa ɗan, a haife shi ba nauyi ko bakwaini, uwa kuma jininta ya yi ƙasa.

Gaɓar Neja ba ta taɓa rabuwa da sauro ba. Ambaliya biyu kogin ke kawowa a shekara, ta damina da kuma wadda ke isowa da hunturu daga can ƙasashen Gini da Mali. Da aka toshe shi a Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsibirai da dama na Gungawa da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000. Ruwan tafkin yakan cika ya janye, ya bar kududdufai a inda ake noman albasa da shinkafa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta gwada maganin sauron kansa. A 1954 aka fara feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, kewayen Birnin Kebbi, amma a 1955 aka gano a Ambursa cewa sauro ya daina jin dieldrin. Labarin ya zaga duniya, ya kuma rage wa masu burin kawar da cutar daga Afirka ƙarfin gwiwa. Sai hankali ya koma kan uwar. A Zariya, Alan Fleming da abokan aikinsa suka wallafa a 1986 cewa bai wa masu cikin fari maganin rigakafin zazzaɓi yana kare su daga ƙarancin jini mai tsanani. A ganina wannan aiki ya cancanci a riƙa tunawa da shi fiye da yadda ake yi.

Yau shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba mai ciki Fansida daga mako na 13, wata guda tsakani, aƙalla sau uku, ta kuma kwana cikin gidan sauro. A wurin awo ake bayarwa, kuma nan gizo ke saƙa: mai cikin fari, wadda ta fi kowa bukata, ita ce kunya ke sa ta ɓoye cikin har ya fito, ga kuɗin kwalekwale ko babur daga ƙauyen gaɓa zuwa asibiti. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a Nijeriya, kuma a Disamba 2024 Kebbi da Bayelsa ne aka fara yi wa yara allurar rigakafinta. Allurar da za ta hana ƙwayar manne wa mabiyiya kuwa tana matakin gwaji.