Har Ranar Da Ba A Kama Kome Ba Muna Rubutawa

Akwai wata jimla da ke sa in ajiye rahoto ko da yanzu na buɗe shi. Kusan duk wanda ya zo bincike a bakin Kwara, daga Karimama zuwa Malanbil har Madekali, sai ya sa ta a shafin farko: wai kafin zuwansa babu wani bayani a kan kifi ko tsuntsayen wannan yanki. Tun da na bar aiki yara ke kawo mini irin waɗannan takardu in duba musu. Kwanan baya wata ɗaliba ta tambaye ni da zuciya ɗaya, "Baba, ku a zamaninku ba a ƙidaya ne?" Ba laifinta ba ne, abin da ta karanta ke nan. Amma an yi ƙidaya, 'yata, an kuma yi ta da kyau. Da yawan waɗanda suka yi ta suna ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya ce musu sannu.

Mu da muka shiga aikin ƙidaya a farkon shekarun 1980, a wurin mutanen yaƙi da makantar bakin gulbi muka ga yadda ake yi. Shirin nan da aka fara a 1974, mai hedikwata a Wagadugu, ya haɗa da arewacin Benin, kuma helikwafta ke bin gulabe mako-mako tana zuba magani a wuraren da ruwa ke gudu bisa duwatsu, inda baƙin ƙuda ke hayayyafa. Tsoron kada maganin ya gama da kifi ya sa masanan cibiyar binciken ORSTOM suka shimfiɗa tsari mai tsauri, shi muka ara muka kawo bakin Sota da Kwara. Ragar kalli kashi-kashi, mai ido daga milimita 15 har 40. Masunta suna yi mana dariyar milimita, don su da yatsa suke auna ido: yatsa ɗaya, yatsa biyu, yatsa huɗu. A shimfiɗa da la'asar sakaliya, a ɗaga da asuba, dare biyu a jere, a wuri ɗaya, ko ana kamu a can ko ba a yi. Kowane kifi a ɗora shi kan katako mai layi, a sa shi a sikeli, a tsaga ciki a duba ƙwai da abin da ya ci. Sannan a shigar da shi a kaye, wato littafin rubutu. Da fensir ake rubutu, bik ba ya shiga jirgi, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke aikin dare biyu.

Takarda ce ta kawo dokar, amma wanda ya tsare ta mutum ne da bai san baƙi ba. Matuƙinmu ne, Basarke, iyayensa daga ƙasar Kabi suka hauro bin kifi suka zauna. Kowa Baba yake ce masa, har shugabannin da ke zuwa daga Kwatano. Duk sabon yaron da aka turo mana sai ya faɗa hannunsa a ranar da raga ta fito wayam. Yaro zai rufe kaye ya fara naɗe kaya. Baba zai dafa gora ya tsayar da jirgi cak.

"Ɗan lakwal, ka rubuta?"

"Baba, ai ba kome a ciki."

"To shi za ka rubuta. Ranar, da wurin, da idon ragar. Bara a nan mun cika kwarya biyu. In ba ka rubuta ba, gobe wani zai ce ba ku zo ba."

Jirgi ba ya motsi sai sifiri ya zauna a kowane layi. Na ga masu digiri sun sha wannan tsayuwa cikin sanyin hunturu, haƙora na kaɗawa, kuma ban ga wanda ya sake mantawa ba.

Amfanin wannan taurin kai ya fito a 1984 da 1985. Kowa ya san a watan Yuni na 1985 kogi ya daina gudu a Yamai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda abin ya bi ta cikin kaye layi bayan layi. Nan Malanbil cika biyu muke samu: jan ruwan damina da Mekuru da Alibori da Sota ke turowa wajen Agusta da Satumba, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gine, ya ratsa Mali, ya iso mana cikin sanyi. Shekarun nan ruwa bai hau fadama yadda ya saba ba, ciyawar burgu ta bushe a tsaye. Bargi kuwa sai cikin ciyawa mai ruwa yake gina sheƙa. Baba ya taɓa kai ni na ga ɗaya: fili ne kewayayye kamar faɗin tabarma, an share tsakiyarsa ƙal, an tara ciyawa a gefe, uwa da uba na zagaye suna tsaro. Ya hana ko gora ta taɓa wurin. Da fadama ta ƙi cika, layin bargi ya koma sifiri, na yauni ya bi shi, faliya ma ta tafi. Karfasa da tarwaɗa da ƙurungu suka riƙe kasuwa. Wanda ya tsaya a bakin kasuwa yana kallon kwanduna zai ce ai akwai kifi. Sai ka jera shafi goma na wuri ɗaya za ka ga wane ne ya ɓace, a wane wata, kuma daga wane idon raga ya fara.

Ba mu muka fara ba, ban kuma taɓa cewa mu ne ba. Jacques Daget ya zauna a Diafarabe ta Mali ya fitar da littafinsa kan kifayen Kwara ta sama tun 1954, kuma kwafinsa da ya sha hannu shi ne malaminmu kafin manyan littattafan Lévêque da Paugy da Teugels su fito a 1990 da 1992. Baba ya fi son na Daget saboda zane. Yakan sa a buɗe masa, ya kalli hoto ya faɗi suna da Hausa da Dandanci, wani lokaci ya ce mai zanen ya haɗa kifi biyu ko ya raba ɗaya. A kan ƙurungu sau da yawa gardamarsa ce ke ci.

Tsuntsaye daga baya suka shigo hannunmu sosai, bayan an fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta Afirka a 1991, kowace tsakiyar Janairu. Lokacin ne baƙin ruwa ke kwance a fadama, 'yan ci-ranin Turai sun sauka, ga namu na gida: kirinjijiya, dinya, jinjimi, zalɓe, balbela ba iyaka. Mutum biyu ke ƙirga garke ɗaya, kowa da madubinsa, ba mai faɗa wa ɗan'uwansa sai an gama. In tazara ta yi yawa a sake. Babbar wahalar ita ce isa kusa ba tare da an tashe su ba, kuma a nan ne inji ya ɓata sana'a. Baba da gora yake tuƙi, ya bi ƙarƙashin iska, rana a bayanmu. Tun kafin mu hango kirinjijiya yakan ji fitonsu ya ce sun kai kaza, kuma da wuya adadinmu ya yi nisa da nasa. Yau sai ka ga jirgi mai inji ya keto, garke ya tashi ya tsallaka Nijar, a ɗauki hoton bayansu a ce an ƙirga.

Tsallakawar nan ita ce ta sa ba mu taɓa yin ƙidaya mu kaɗai ba. Tsuntsun da ka tasa a Benin da hantsi yana Gaya kafin azahar, in ba a yi hankali ba a rubuta shi sau biyu. Saboda haka tun Disamba mukan hau babur mu bi gada, ta 1958 ko sabuwar da aka gama a 1989, mu zauna da abokan aikinmu na can mu tsayar da rana da sa'a, mu raba tsibirai. Ba takardar minista, shayi ne da alkawari. Har lokacin da gwamnatoci biyu ke jayayya kan tsibirin Lete, mu mun san wa zai ƙirga gabarsa ta arewa, wa zai ƙirga ta kudu. Da kotun duniya ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, Benin ta samu 9, abin da ya canja mana kawai shi ne wanda zai nemi izinin sauka.

Gauraka ce ta fi ci mini rai. A kayen farko tana da adadi, daga baya ta koma biyu, ɗaya, sai sifiri mai yawa. An noma fadamar da take kwana, masu kama ta don gidajen manya kuma ba su huta ba. Akwai kuma zancen zobe. In tsuntsu ya faɗa ragar masunci da zoben ƙarfe a ƙafa, wurin Baba ake kai shi, don an yarda ba zai tona asirin kowa ga masu kaki ba. Shi ya kawo mana a ƙulle a gefen rawani, mu kwafe lambar mu aika ta gidan waya zuwa adireshin da ke jiki. Bayan watanni amsa ta zo daga wata ƙasar Turai da ranar da aka sa zoben. Mukan karanta wa masuncin wasiƙar a gaban jama'a. Wannan karatu shi ya sa zobe na gaba ya zo. Da aka daina komawa ana karanta musu, zobba suka daina zuwa.

Kwaɗi kuwa ba su da layi a takardarmu sam, a gefen shafi muke sa su. Daren ruwan farko mukan zauna a bakin tafki da rakoda mai kaset, a kashe tocila, a yi shiru. Baba yana rarrabe muryoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan mai ƙaramar murya a kan ciyawa yake, wancan mai gurnani a cikin ruwa. Sai da littafin Mark-Oliver Rödel kan kwaɗin dajin Afirka ta Yamma ya fito a 2000 muka sami sunayen boko da za mu liƙa wa abin da ke cikin kaset. A gefen shafin nan ne kuma muka fara rubuta buhunan burduddugi. Da rani, in tafkuna sun janye, masu kamu daga Najeriya kan sauka da tocila su kwashe su da dare, a shanya a busar, a ɗura a buhu a nufi ƙasar Yarabawa. Meike Mohneke da abokan aikinta sun bi sawun cinikin har Malanbil, suka buga a 2010 cewa 'yan kasuwa 32 kacal suna juya kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara. Aiki ne mai kyau, na ji daɗinsa, don ya sa duniya ta waiwayo. Amma burduddugi ba ya cikin dabbobin da ake tara wa kuɗi. Gandun dajin W yana nan tun 1954, kuma idon masu ba da tallafi a kan giwa da zaki da ɓauna yake. Abin da ke cikin ruwa da laka sai ragowa.

Ba na ƙin kayan zamani. Waya mai ɗaukar hoto da nuna wuri ta kashe gardama da yawa, littafin Dowsett-Lemaire da Dowsett na 2019 kan tsuntsayen Benin da Togo ya tara abin da da can sai a mafarki, kuma jami'o'inmu sun yaye yara masu kaifin ido. Abin da nake ƙi shi ne aikin shekara uku. Kuɗi ya zo, a zaɓi sababbin wurare kusa da hanyar mota, a sayi raga mai wani ido dabam, a rubuta abin da aka gani kawai, kuɗi ya ƙare a watse. Mai zuwa bayansu ya sake sabon wuri. Adadi ya yi yawa, amma ba biyun da za ka jera ka ce ga abin da maganin auduga da ke gangarowa ta Alibori ya yi, ko ga abin da raga mai idon gidan sauro ta yi. Kayenmu kuwa, da wani ofis ya tashi aka jibge su a ɗakin ajiya, gara ta ci rabi, ambaliya ta jiƙa saura. A rahotannin da aka fitar daga guminsa, Baba bai wuce "an gode wa masunta" ba. Ya rasu ba sunansa a ko ɗaya.

Yanzu ma zuwa wurin ya zama aiki. Tun harin Fabrairu 2022 da ya ci rai 9 a gandun W, gefen Mekuru ya fita daga hannun mai madubi da kaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka toshe gada, zaman shayin Disamba ya mutu, ƙidayar gaɓa ɗaya kuwa rabin ƙidaya ce. Ga madatsar Kandaji ana ginawa a jihar Tilaberi. Ranar da aka rufe ƙofofinta baƙin ruwa zai sauya tafiya, kuma duk mai son sanin abin da ya sauya dole ya nemi yadda abin yake a da.

Kayen da suka tsira a hannuna ina kwafe su cikin kwamfuta tare da jikana, kowane sifiri a layinsa, na kuma ƙara layin da babu shi a da, na sunan matuƙi. Matsalar da ta rage ita ce wuraren. Ba mu da na'urar nuna wuri a lokacin, da sunayen da masunta ke kiran kowace kwana da kowane gurbi muka rubuta su, kuma kogi ya ci wasu gaɓoɓin ya haifi wasu. Tsofaffin da za su iya tsayar da jirgi su ce nan ne ba su da yawa. Na wannan gefen ina bin su ɗaya-ɗaya. Sauran suna tsallaken Gaya, zuwa wurinsu kuwa sai ta kwalekwale, in masu tsaron gaɓa sun bari.