Webtoon: labaran zane na Koriya ta Kudu da ake karantawa a wayar salula

Webtoon labari ne da ake bayarwa ta hanyar zane-zane da ƴan gajerun maganganu, wanda aka tsara shi domin karantawa a kan wayar salula. Asalinsa daga Koriya ta Kudu ne. Sunan ya fito daga haɗa kalmomin Ingilishi biyu, ɗaya mai nufin intanet, ɗaya kuma mai nufin zanen barkwanci. Dangi ne ga littattafan zane da aka sani da sunan BD a ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Tintin da Astérix. A Koriya ana kiran labaran zane gaba ɗaya da sunan manhwa.

Yadda aka tsara shi

A littafin BD ana jera hotuna gefe da gefe, mai karatu yana buɗe shafi bayan shafi. A webtoon kuwa babu shafi. Hotunan suna bin juna daga sama zuwa ƙasa, mai karatu yana ja da ɗan yatsa. Masu zane suna amfani da wannan tsari wajen sarrafa hankalin mai karatu: idan aka bar dogon fili babu komai tsakanin hotuna biyu, mutum yakan ji kamar lokaci ya ja, ko kuma wani abu na shirin faruwa. Galibi masu launi ne, saɓanin manga na Japan wanda yawancinsa baƙi da fari ne. Ana fitar da kashi ɗaya kowane mako, kuma masu karatu suna rubuta ra'ayinsu a ƙarƙashinsa.

Tarihi

A shekarar 1997 matsalar tattalin arziki ta afka wa ƙasashen Asiya, har Koriya ta Kudu ta nemi rance daga asusun lamuni na duniya FMI. Kasuwar mujallun zane ta ja baya. A daidai wannan lokaci gwamnati ta zuba jari wajen shimfiɗa intanet mai sauri, sai masu zane suka fara saka ayyukansu a shafukansu na kansu.

Kamfanin Daum ya buɗe sashen webtoon a 2003, inda wani labarin soyayya na mai zane Kang Full ya samu karɓuwa sosai. Kamfanin Naver ya biyo baya a 2004. Da wayoyin zamani suka yawaita wajen 2010, masu karatu suka koma kan waya. A 2014 Naver ya buɗe manhajarsa ga sauran duniya da sunan Line Webtoon, a 2019 kuma aka ƙara sashen Faransanci. A 2014 ɗin ne Daum ya haɗe da Kakao. Naver da Kakao su ne manyan masu riƙe da kasuwar har yanzu.

Inda kuɗi ke fitowa

Da farko kyauta ake karantawa, kamfanoni suna samun kuɗi daga talla. A 2013 Lezhin Comics ya nuna cewa mutane za su iya biya. Daga baya KakaoPage ya yaɗa wani tsari: wanda ya yi haƙuri ya jira zai karanta kashi na gaba kyauta, wanda ya ƙagu sai ya biya. Akwai kuma sashen ƴan koyo, inda kowa zai iya saka zanensa. Idan ya samu mabiya da yawa, kamfani ya ƙulla yarjejeniya da shi.

A 2021 Naver ya sayi dandalin labarai na Wattpad na ƙasar Kanada a kan kimanin dala miliyan 600. A watan Yuni na 2024 kamfanin Webtoon Entertainment ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, inda ya ce yana da masu karatu kusan miliyan 170 a kowane wata, a ƙasashe sama da 150.

Matsayinsa a al'adar Koriya

Webtoon ya zama wurin da ƴan Koriya ke tattauna abubuwan da ke damunsu. Misaeng na Yoon Tae-ho, wanda ya fara fita a 2012, ya nuna halin matashi mai aikin kwantiragi a ofis, wanda ba shi da tabbacin za a riƙe shi. Ma'aikata da yawa sun ga kansu a ciki, aka kuma mayar da shi wasan talabijin a 2014. Labarin 26 Years na Kang Full ya taɓo kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a garin Gwangju a 1980. D.P. na Kim Bo-tong ya yi magana kan cin zarafin ƙananan sojoji a ƙasar da aikin soja ya zama tilas ga maza.

Masu shirya fim sun mayar da webtoon rumbun da suke ɗebo labarai, domin labarin da ya riga ya samu masoya ba ya da haɗarin asara sosai. Fim ɗin Along with the Gods na 2017 ya sayar da tikiti sama da miliyan 14 a Koriya. Itaewon Class da Sweet Home na 2020, da All of Us Are Dead na 2022, duk daga webtoon aka ɗauko su. Solo Leveling ya fara a matsayin rubutaccen labari, ya koma webtoon a 2018, sannan Japanawa suka mayar da shi fim ɗin zane a 2024. Ta haka webtoon ya shiga sahun waƙoƙin K-pop da wasannin talabijin da Koriya ke tallata kanta da su a duniya.

Matsaloli

Fitar da kashi mai hotuna da dama, masu launi, kowane mako aiki ne mai nauyi. Rasuwar Jang Sung-rak, mai zanen Solo Leveling, a watan Yuli na 2022 yana da shekara 37, ta sake tayar da muhawara kan lafiyar masu zane da yawan aikin da ake ɗora masu. Suna kuma kokawa kan rabon riba tsakaninsu da kamfanoni da dillalai.

Satar fasaha ita ma babbar matsala ce. A 2018 ƴan sandan Koriya suka kama mai shafin Bamtoki, wanda ke yaɗa ayyukan mutane ba da izini ba, amma wasu shafukan suka maye gurbinsa. Tun 2023 kuma masu karatu da masu zane ke nuna adawa da amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yin zane.

Ba kowane webtoon ne ya dace da yara ba. Akwai na barkwanci da na makaranta, akwai kuma masu zubar da jini ko batsa. Manyan manhajoji suna sa alamar shekaru a kan labarai, abin da ya kamata iyaye su duba kafin su bar wa yaro waya. Shafukan sata kuwa galibi ba sa tantance shekarun mai karatu.