Matar Soja da Aikin Gwamnati a Amurka: Nazari kan Fifikon Ɗaukar Aiki da Iyakarsa

Gabatarwa

Sojojin Amurka da ke bakin aiki sun kai kimanin miliyan 1.3, kusan rabinsu kuma suna da aure. Wajen kashi 90 cikin 100 na abokan auren nan mata ne, shi ya sa wannan nazari zai riƙa cewa "matar soja", ko da yake dokokin da za a tattauna sun haɗa har da mazan da ke auren sojoji mata. Binciken da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta yi a 2021 ya nuna cewa kashi 21 cikin 100 na matan sojoji da ke aiki ko neman aiki ba su da aikin yi, a shekarar da rashin aikin yi a ƙasar baki ɗaya bai kai kashi 6 ba. Daga 2015 zuwa 2021 adadin ya yi ta kai-komo tsakanin kashi 21 da 24, duk da cewa an kafa dokoki na musamman domin sauƙaƙa musu shiga aikin gwamnatin tarayya.

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: me ya sa fifikon da aka yi shekara kusan arba'in ana faɗaɗa shi bai rage wannan adadi ba? Amsar da za a kafa ita ce, dokokin sun mai da hankali kan ranar da za a ɗauki matar aiki, alhali asarar da take tafkawa tana faruwa ne a ranar da aka sauya wa mijinta wurin aiki.

Asalin Manufar

A zamanin da ake tilasta wa samari shiga soja, rundunar Amurka ba ta ɗauki iyalin ƙaramin soja da wani muhimmanci ba. Har akwai maganar da tsofaffin sojoji ke yi wa sababbi, cewa da rundunar tana son ka da mata, da ta raba maka ita tare da kaki. Matar hafsa kuwa ana sa ran ta yi aikin sa kai a bariki ba tare da albashi ba, kuma ƙwazonta a nan yakan shafi ƙarin girman mijinta, har sai da ma'aikatar ta haramta hakan a ƙarshen shekarun 1980.

Abin da ya sauya lamarin shi ne soke aikin soja na dole a 1973. Daga lokacin sai rundunar ta koma lallashin mutane su shigo, kuma ta lallashe su su zauna. Soja mai iyali ba ya sabunta kwantiraginsa sai ya shawarci gida, gidan da albashi ɗaya ba ya riƙe shi. Saboda haka a 1985 majalisar dokoki ta zartar da dokar iyalan sojoji, wadda ta ba matan sojoji fifiko wajen ɗaukar ma'aikatan farar hula a Ma'aikatar Tsaro. A Satumban 2008 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan umarni mai lamba 13473, wanda ya ba sauran ma'aikatun tarayya damar ɗaukarsu ba tare da sun bi layin gasa da kowa ba. Michelle Obama da Jill Biden sun ƙaddamar da yekuwar tallafa wa iyalan sojoji a 2011, Donald Trump ya fitar da umarni mai lamba 13832 a Mayun 2018, sannan Joe Biden ya biyo da mai lamba 14100 a Yunin 2023. Wannan jeri ya nuna cewa manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun yi ittifaƙi a kan batun, domin kowaccensu tana kallonsa a matsayin batun tsaron ƙasa: idan matar ta gaji, ƙwararren sojan da aka kashe maƙudan kuɗi wajen horar da shi zai ajiye kaki.

Hanyoyi Biyu na Shiga

Galibin masu neman aikin tarayya ta shafin USAJOBS suke shiga, kuma matar soja tana da hanyoyi biyu da mutane kan rikita.

Ta farko ita ce fifikon da ya taƙaita ga Ma'aikatar Tsaro, wadda ta fi kowace ma'aikata yawan ma'aikatan farar hula, sama da 700,000. Idan aka yi wa soja sauyin wurin aiki na dindindin, abin da su ke kira PCS, matarsa tana iya neman guraben da ke kusa da sabon sansanin. In har ta shiga sahun waɗanda aka tantance a matsayin mafi cancanta, to za a gabatar da ita a kan sauran. Sai dai akwai sharuɗɗa. Fifikon tsofaffin sojoji yana gaba da nata. Sau ɗaya kuma take cin moriyarsa a kowane sauyi: da zarar an yi mata tayin aiki na dindindin, ko ta karɓa ko ta ƙi, fifikon ya ƙare sai wani sauyin. Wannan sharaɗi yakan sa mace mai digiri na biyu ta karɓi aikin akawu, don gudun kada ta saki na hannu.

Ta biyu ita ce ɗauka ba tare da gasa ba, wadda ta shafi dukkan ma'aikatun tarayya. Da farko sai wadda ta bi mijinta zuwa sabon wuri ce ke da wannan dama, amma dokar tsaro ta shekarar kuɗi ta 2019 ta buɗe ta ga duk matar sojan da ke bakin aiki. Ta kuma haɗa da matar tsohon sojan da aka tabbatar ya nakasa gaba ɗaya a bakin aiki, da wadda mijinta ya rasu yana aiki matuƙar ba ta sake aure ba. A nan ne fahimtar mutane ke karkacewa. Dokar izini ta ba ma'aikata, ba ta ɗora mata wajibi ba. Jami'in da ke ɗaukar aiki yana iya amfani da ita, yana iya ƙyale ta, kuma ba a buƙatar ya ba kowa dalili.

A kowace hanya sai matar ta haɗa takardar aure da takardun aikin sojan mijinta, da shaidar aikin tarayya da ta taɓa yi in akwai. Takarda ɗaya ta ɓace, an cire sunanta tun kafin wani ya duba ƙwarewarta. Yawancin guraben kuma sai ɗan ƙasa, abin da ke rufe ƙofa ga matan da sojoji suka auro daga Jamus, Koriya ta Kudu, Filifin ko ƙasashen Afirka, kafin su sami takardar zama 'yan ƙasa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce lissafin lokaci. Ana sauya wa soja wuri duk bayan shekara biyu zuwa uku. Ɗaukar ma'aikaci ɗaya a gwamnatin tarayya yana cin kusan kwana 100 a matsakaici, duk da cewa hukumar kula da ma'aikatan tarayya ta sa wa kanta kwana 80. Bayan an ɗauke ta akwai shekara guda ta gwaji. Ƙarin girma a manyan matakan tsarin albashi, wanda ke da hawa 15, yana buƙatar mako 52 a matakin da ke ƙasa. Samun haƙƙin fansho kuwa sai an cika shekara biyar ana aiki. Idan aka jera waɗannan adadi kusa da juna, za a ga cewa daidai lokacin da matar ta gama gwaji ta fara hango mataki na gaba, takardar sauyi ta iso. Halinta kamar na dashen da ake tumɓukewa duk lokacin da ya fara kama ƙasa: yana nan da rai, amma ba ya kai ga 'ya'ya. Majalisar masu ba shugaban ƙasa shawara kan tattalin arziki ta ƙiyasta a 2018 cewa matar soja tana samun ƙasa da takwararta ta farar hula da fiye da dala 12,000 a shekara. Asarar da ba ta fitowa a wannan lissafi ita ce ta tsufa, musamman ga wadda aurenta ya mutu bayan ta shafe shekara goma sha tana bin miji.

Ta biyu ita ce wurin da sansanonin suke. An kafa da yawa daga cikinsu nesa da birane domin samun filin atisaye. Sansanin Irwin yana tsakiyar hamadar Mojave a Kalifoniya, na Minot kuma yana can cikin tsananin sanyin Dakota ta Arewa. A irin waɗannan wurare ɗaruruwan mata masu fifiko iri ɗaya ne ke rububin gurabe ƙalilan, galibi a kantin bariki, wurin renon yara ko ofishin walwala. Fifikon da kowa ke riƙe da shi ba ya fifita kowa.

Ta uku ita ce lasisin sana'a. Rahoton haɗin gwiwa na Ma'aikatar Tsaro da ta Kuɗi na 2012 ya nuna cewa kusan kashi 35 cikin 100 na matan sojoji masu aiki suna sana'o'in da sai da lasisin jiha, irin su koyarwa da aikin jinya, kuma suna ƙetare iyakar jiha ninki goma fiye da matan farar hula. An fara mayar musu da kuɗin sabunta lasisi har dala 500, daga baya aka kai shi 1,000, sannan a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar da ta tilasta wa jihohi amincewa da lasisin da suka zo da shi. Wannan gyara ya fi fifikon ɗauka kusantar tushen ciwon, domin yana kare abin da matar ta riga ta mallaka.

Ta huɗu ita ce renon yara. Idan aka tura miji fagen daga ko teku na watanni, gidan yana kan matar ita kaɗai, dangi kuma suna nesa. Wuraren renon yara na bariki suna da dogon layin jira, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne ƙarancin ma'aikata, waɗanda da yawansu matan sojoji ne da su ma ake ɗagawa. A ƙasashen waje kuma yarjejeniyar zaman dakaru ce ke fayyace aikin da matar za ta iya yi. A Italiya sai a Agustan 2023 aka yarda ta yi wa mai ɗaukar aiki na Amurka aiki ta intanet daga gidanta.

Aikin da Ke Bin Mai Shi

Idan tushen matsalar ƙaura ne, mafita mafi kusa ita ce aikin da ba ya mutuwa da ƙaura. Annobar korona ta tabbatar da cewa ɗimbin ayyukan tarayya, daga duba takardun biyan haƙƙi zuwa lissafin kuɗi, ana iya yin su daga nesa. Umarnin 2023 ya nemi ma'aikatu su sauƙaƙa wa matar soja riƙe aikinta idan aka ɗaga mijinta, har zuwa ƙasar waje. Amma abin da ya faru a 2025 ya nuna raunin wannan tsari. A ranar 20 ga Janairu aka umarci ma'aikatan tarayya su koma ofis, aka kuma dakatar da ɗaukar sababbi. Sai a Fabrairu, bayan ƙorafin iyalai da 'yan majalisa, aka fitar da sanarwar keɓe matan sojoji daga komawa ofis. A wannan wata aka sallami dubban ma'aikatan da ke zangon gwaji, zangon da matar soja ta fi kowa daɗewa a cikinsa saboda yawan fara aiki daga farko. Haƙƙin da ya tsaya kan umarnin shugaba ko sanarwar hukuma, wata sanarwar tana iya share shi cikin kwana ɗaya.

Mai karatun da ya san rayuwar bariki a Jaji ko Bukavu ba baƙo ba ne ga wannan hali. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta bi mijinta zuwa wata jiha a Nijeriya tana iske an tambaye ta takardar shaidar asali kafin a ba ta aikin gwamnatin jiha, sai ta koma sana'a a kasuwar bariki ko koyarwa a makarantun ƙungiyar matan hafsoshi. Sunan shingen ya bambanta, amma asalinsa ɗaya ne: gwamnatin tarayya ce ke ɗaga iyali, tsarin aiki kuma an gina shi ne domin wanda ya zauna wuri ɗaya.

Kammalawa

Fifikon ɗaukar aiki ya taimaki mata da yawa, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma ma'aunin da ake auna shi da shi, wato yawan waɗanda aka ɗauka, ba ya nuna gaskiyar lamarin, tunda mace ɗaya tana iya shiga wannan lissafi sau huɗu ba tare da ta hau mataki ko ɗaya ba. Ma'aunin da ya dace shi ne: daga cikin waɗanda ke aiki kafin sauyi, nawa ne suka ci gaba da aiki a matakinsu bayan sauyin? Daga wannan ma'auni gyare-gyare uku ke fitowa. A mai da haƙƙin tafiya da aiki doka ta majalisa, ta yadda ma'aikatar da ta ƙi za ta ba da dalili a rubuce. A daina sa wadda ta riga ta ci gwaji a wata ma'aikata ta sake shi don kawai an ɗaga mijinta. A kuma ɗauki renon yara a bariki a matsayin kuɗin tsaro, kamar yadda ake ɗaukar man jirgi da harsashi.

Soja shi ya yi rantsuwa ya sa hannu, kuma ana biyansa albashi da fansho a kan wannan rantsuwa. Matarsa ba ta sa hannu kan komai ba, amma umarnin da ya ɗaga shi yana raba ta da aikinta, da matakinta, da fanshonta. Gwamnatin da ta ba da umarnin ita ce ta jawo asarar, saboda haka biyan ta bashi ne a wuyanta.