Sunan Katsina a Sarautun Gusau da Kewayenta

Sarkin Katsinan Gusau shi ne laƙabin sarautar Gusau, hedikwatar Jihar Zamfara. Baƙon da ya fara jin sunan yakan yi mamaki: an kafa jihar a 1996 da sunan Zamfara, amma mai garin da gwamna ke zaune a ciki Sarkin Katsina ne, Sarkin Zamfara kuwa sai an je Anka ko Zurmi. Babu kuskure a nan. Sunan sarauta a ƙasar Hausa yana riƙe da iyakokin zamanin da aka naɗa rawanin farko, ko da iyakokin sun gushe tun tuni, kuma wannan laƙabi shaida ce cewa ƙasar da ta taso daga Tsafe ta bi Kwatarkwashi da Gusau har wajen Bunguɗu ta fi jingina da Katsina fiye da tsohuwar daular Zamfara.

Kafin jihadi ana kiran wannan yanki Katsinar Laka, kuma masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsa a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Cibiyarsa ita ce 'Yandoto, garin malamai da fatake, wanda kufansa ke tsakanin Tsafe da Gusau. Labarin baka na Katsina ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, a kokawa, ya hau gadon sarauta a ƙarni na 15. Har yau Gidan Korau ake kiran fadar Katsina. Da malaman 'Yandoto suka ƙi bin jama'ar Shehu, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806, mutanensa suka watse. Sunan bai mutu tare da ganuwar ba, domin sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe ake ce masa. Shi kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu daga wannan yanki, ya kafa Gusau wajen 1811, gidansa kuma ya gaji sarautar Katsinar Laka, yana biyayya ga Sakkwato kai tsaye.

Haka aka wayi gari da sarakunan Katsina uku. Akwai na birni, inda Ummarun Dallaje ya zauna bayan jihadi, kafin Turawa su naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Akwai na Maraɗi, zuriyar sarakunan Haɓe da suka yi gudun hijira arewa, suka ƙi sakin sunan domin ba su yarda sun rasa ƙasar ba. Sai na Gusau. Ba Katsina kaɗai abin ya faɗa wa ba: ana Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa, ana Sarkin Kabi a Argungu da Yabo, ana Sarkin Zazzau a Zariya da Suleja.

Wani zai ce laƙabi ba hujja ba ne, tunda Sarkin Musulmi yakan ba ɗa ko bara sarautar ƙasar da bai taɓa mallaka ba, don girmamawa ko don ajiye shi a bakin daga. Gaskiya ne, kuma da laƙabin Gusau shi kaɗai yake tsaye da zancen ya yi rauni. To amma 'Yandoto na nan, labarin Korau na nan, sarautar Tsafe na nan, kuma manyan biranen Zamfara na dā, Dutsi da Birnin Zamfara wanda Gobirawa suka ci a zamanin sarkinsu Babari, suna can arewa. Sai dai kada a wuce gona da iri a ce sunan yana nuna jini. Malam Sambo Bafulatani ne, ba jikan Korau ba. Ƙasar ya gada, ba zuriyar ba. Bunguɗu ta ƙara fito da wannan, domin laƙabinta Sarkin Fulanin Bunguɗu ne, wato an jingina sarautar ga jama'a maimakon ƙasa, alhali a ƙaramar hukumar ɗaya Kwatarkwashi na zaune gindin dutsenta da nata sarkin da tsohon tarihinta.

 Sunayen mutane ma haka suke. Sunan gari da ake maƙala wa mutum, irin na Janar Aliyu Gusau ko Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, rajistar makaranta da aikin gwamnati suka yaɗa shi, kuma ɗan sarki da ɗan mahauci duk ɗaya suke a cikinsa. Bai nuna dangantaka, balle sarauta. Girman Gusau ɗin ma na baya-bayan nan ne: jirgin ƙasa da ya iso a ƙarshen shekarun 1920 da cinikin gyaɗa da auduga su suka ɗaga ta a kan garuruwan da suka girme ta, har ta zama hedikwatar jihar da ke ɗauke da sunan wata daula dabam.